Furen Itacen Abah

Lubuk Terap, Oktoba

Zuwa ga babbar yayata Kak Long Zaiton,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya a wannan ƙasa mai sanyi. Mu nan lafiya lau, sai dai ruwa ya fara sauka, kogi ya yi ja. Mahaifiyarmu Mak tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko kina samun shinkafa a can. Abah yana nan yadda kika ji labari. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, magana kuma ba ta dawo ba. Amma yana ji, yana ganewa. In na ambaci sunanki sai ya ɗaga gira.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Mak ta ce tunda jinyar mahaifinmu ta hana ni wucewa sakandare, to in yi amfani da ɗan abin da na koya. Ni ma na fi son rubutu da magana, don takarda ba ta kallon mutum.

Na je wurin itacen kamar yadda kika ce. Na haye kogi da kwalekwale, na bi ta tsohuwar gonar roba na hau tudu. Yana nan, da ɗan ƙarfen nan mai lamba da Abah ya buga masa. Wurin da ya ɓare miki ɓawo kafin ki tafi ya warke, don gefe ɗaya kawai ya ɗiba, kin san ba ya zagaye itace da wuƙa. Na duba ƙasa sosai, babu fure ko ɗaya. Sama kuwa ta yi nisa, wuyana ya gaji da kallo. Matsattsaku sun sha jinina har sun ƙoshi.

Birin Abah, Degil, ba ya gidanmu yanzu. Pak Su Derahman, ƙanin Abah, ya zo ya kwance shi, ya ce tunda wansa yana kwance, gara birin ya riƙa tsinko kwakwa da ya zauna yana cin ayaba a banza. Na so in ce a bar shi, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Da ya ga ina kallonsa sai ya ce, "Katantanwa, kina da magana ne? To leƙo daga cikin ɓawonki mu ji." Na shige ɗaki. Igiyar nan doguwa kaɗai ya bari a jikin ƙusa, wai ta yi masa nauyi.

Kak Long, ina da tambaya, kada ki yi dariya. Kina da ganyen, kina da ɓawon. Me za ki yi da fure kuma?

Ƙanwarki,
Suriati

*

Reims, Faransa, Nuwamba

Ati ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta zo, na karanta ta a tsaye ban ko cire rigar sanyi ba. Ina lafiya, sai tari kaɗan. Ki ce wa Mak akwai shinkafa, amma ba ta da ƙanshi. Ki riƙe hannun Abah na hagu ki ce daga gare ni ne.

Ba zan yi dariya ba, tambayarki ita ce damuwata.

Wasu itatuwa suna yin wani sinadari mai ɗaci a jikinsu don kada ƙwari su cinye su. Sunansa alkaloyid. Kwinin ɗin da ake sha don zazzaɓi irinsa ne, daga ɓawon itace aka fara samo shi. Aikina shi ne in niƙa ɓawo, in jiƙa, in tace, in sake tacewa, har abin da nake nema ya ware daga sauran. Buhunan nan da Abah ya shanya mini, kin san abin da ya rage daga cikinsu? Wasu 'yan ƙwayoyi rawaya sirara kamar allurai a gindin kwalba, ba za su rufe farcenki ba. Na sa su a na'urar da ke nuna yadda aka ƙulla ƙwayoyin abu. Malamata, Madam Vauthier, ta kwana biyu tana kwatanta zanen da na littattafai, sannan ta cire tabarau ta ce, "Zaiton, wannan babu wanda ya taɓa ganinsa." Ati, sabo ne fil!

Amma ta ce ba za a karɓi aikin ba sai an san sunan itacen. In ban faɗi daga wane itace ya fito ba, wa zai iya bin sawuna ya tabbatar? Masana tsirrai sun duba ganyen sun ce akwai itatuwa da yawa masu irinsa. Fure ne kaɗai ke raba su, kamar yadda fuska ke raba 'yan gida ɗaya. Ba na ƙasa nake so ba, sai reshe mai ganye da fure tare. In kin samu, ki danne shi cikin jarida da allunan da Abah ke matse ganye da su, ki aika wa Dakta Yeoh, masaniyar tsirrai a Kuala Lumpur. Na rubuta adireshinta a ƙasa. Abah ya yi shekaru yana yawon daji, wannan guda ɗaya tak ya taɓa gani, kuma bai taɓa ganin furensa ba.

Ga wani albishir. An ɗiga shi a kan ƙwayar zazzaɓin sauro cikin kwanon gilashi, ya kashe ta.

(A bayan takardar)

Ati, wannan naki ne ke kaɗai. Kada ki faɗa wa kowa maganar zazzaɓin nan. Kwanon gilashi ba jikin mutum ba ne. Ya kashe ƙwayar cutar, amma ya kashe lafiyayyun ƙwayoyin da ke kusa da ita ma. A yanzu guba ne. Mutanenmu kin san su, in suka ji, sai abin da Allah ya yi.

Yayarki,
Zaiton

*

Lubuk Terap, Disamba

Kak Long,

Assalamu alaikum. Ina fata tarin ya tafi. Mak lafiya. Ruwa ya shigo har ƙarƙashin gida, mun hau da kaji sama. Abah ya rage cin abinci. Dalilin shi ne abin da zan faɗa miki.

Ranar da wasiƙarki ta zo, muna baranda. Mak tana tsince shinkafa, maƙwabciyarmu Mak Cik Jarah tana taya ta, Pak Su kuma ya tsaya shan shayi. Mak ta ce in karanta kowa ya ji. Na fara, sai Pak Su ya ce, "Ɗaga murya, Katantanwa! Da sauro kike hira?" Sai Mak ta riƙa maimaita abin da na faɗa da ƙarfi. Da na kai wurin zazzaɓi, Mak Cik Jarah ta tafa hannu.

"La'ilaha illallahu! Maganin zazzaɓi a bayan gonar roba, mu kuma muna ta jigila zuwa asibiti? Munah, 'yarki ta gama mana komai!"

Mak ta ce, "Ta ce a cikin gilashi."

"Ai mu ma a gilashi za mu sha!"

Kowa ya yi dariya. Kafin in juya takardar, Mak Cik Jarah ta riga ta sa takalmi. Kin san ta, rediyo mai jini. Na karanta bayan a zuciyata. Pak Su yana nan zaune a gabana, da na ce masa ya tsaya ya ji saura, da ya ji. Na buɗe baki, ya dube ni, sai na rufe. Sai da suka tafi na karanta wa Mak. Ta bi su gida gida washegari, amma magana zarar bunu ce. Wasu ma cewa suka yi muna so mu ɓoye maganin ne don Turawa kaɗai su samu.

Pak Su ya fara dafa ɓawon yana zubawa a kwalabe, yana kaiwa kasuwar Asabar. Mutanen ƙauyukan ƙasan kogi suka riƙa zuwa da adda, ko ambaliyar ba ta hana su ba. Abin bai tsaya ba sai da matar Tok Empat, mai garinmu, ta sha kofi guda. Ta yi ta amai, zuciyarta tana bugawa kamar za ta fito, aka ɗauke ta a jirgin ruwa zuwa asibiti. Ta dawo da ranta, alhamdu lillahi. Tok Empat ya tsaya a masallaci ya hana kowa taɓa itacen.

Da ruwa ya ɗan janye na je. Kak Long, sun zagaye shi. Daga gindi har iya inda hannun namiji ke kaiwa babu ɓawo ko kaɗan, fari fat kamar ƙashi. Ganyen sama yana nan kore, kamar bai san abin da aka yi masa ba. Ƙarfen lambar na tsinta a cikin laka. Na kawo wa Abah. Ya damƙe shi a hannun hagu, ya juya fuskarsa bango.

Ban san me zan ƙara ba. Ki gaya mini abin da zan yi.

Suriati

*

Reims, Janairu

Ati,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ki gaishe da Mak da Abah. Allah ya ƙara wa matar Tok Empat sauƙi.

Babu abin da za ki yi. Itacen da aka zagaye ba ya rayuwa. Abincin da ganye ke yi ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Saiwar za ta yi ta jira har ta mutu da yunwa, sannan sama ta bi ta. Koren da kike gani na ɗan lokaci ne.

Tallafin karatuna zai ƙare a Agusta. Shekara uku ina tace ɓawon itacen da ba shi da suna, kuma yanzu ba zai taɓa samu ba. Abah ya kwanta ciwo ban zo ba, na ce sai na gama. Da wace fuska zan sauka daga kwalekwale?

Kada ki ƙara karanta wa kowa wasiƙata.

Zaiton

*

Reims, Maris

Ati, ƙanwata, 'yar autarmu,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, in kuma wannan ta makara, barka da Sallah. Ina azumi ni kaɗai, ina buɗe baki da burodi da madara a ɗakin gwaji. Lafiyata ƙalau, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Me ya sa kika yi shiru? Kullum sai na duba akwatin wasiƙa safe da yamma, har mai gadin gidan ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Abah ne? In wani abu ya same shi kuna ɓoye mini, wallahi ba zan yafe ba. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Na tuna abin da na rubuta miki a watan Janairu, kunya ta kama ni. Raina ne a ɓace, na huce a kanki. Wa ya ajiye gargaɗi a bayan takarda, albishir a gaba? Ni ce. Na san a baranda ake karanta wasiƙa a gidanmu, a can na girma. Na zo nan na manta.

Madam Vauthier ta ce za ta ba ni wani ɓawon da aka san itacensa in yi ɗan abin da zan iya kafin Agusta. Tana da kirki, amma ni da ita mun san ba zai isa ba. 'Yar kwalbar nan tana cikin firiji, na manna mata lambar da Abah ya ba itacen. Wani lokaci sai in buɗe in kalle ta kawai.

Ki rubuto, don Allah.

Kak Long

*

Lubuk Terap, Afrilu

Kak Long,

Wa alaikumus salam. Abah yana raye, ki kwantar da hankalinki. Ya ma fara zama a baranda ba tare da an tallafe shi ba. Mak lafiya. Mun yi Sallah, an ajiye miki farantinki kamar bara.

Na yi shiru ne don na ɗauka kin ce ba za ki dawo ba saboda ni. Na karanta layin nan na kwalekwale har takardar ta yage. Kin ce kada in karanta wa kowa, to da Mak ta tambaya sai na ce kin gaishe ta. Ban san me zan rubuta wa wanda na kora daga gida ba.

Amma ban daina zuwa wurin itacen ba. Na shafa masa laka na naɗe da buhu, ko da yake kin ce babu amfani. Gaskiyarki, babu amfani.

Bayan Sallah, wata safiya ina hawan tudu sai na ji wani ƙanshi, kamar lemo da aka ɓare a ɗaki. Na duba ƙasa, ga wasu 'yan ƙananan abubuwa sun yi ruwan ƙasa, tururuwa tana ja. Na ɗaga kai. Kak Long, saman itacen ya yi fari kamar an zuba masa gari. Ya yi fure.

Na ruga gida na faɗa wa Abah a kunne. Ya kama rigata har ya kusa yaga ta. Sai ya riƙa nuna ƙusar da igiyar Degil ke rataye, yana wani gurnani a maƙogwaro. Na gane. Babu ɗan Adam da zai hau itacen nan. Kafin Abah ya kwanta, Degil ne ke karyo wa mutanen jami'a reshe.

Na ɗauki igiyar na tafi gidan Pak Su. Tun maganar matar Tok Empat bai taka gidanmu ba. Na tsaya a gindin matakala, ya leƙo.

"A'a, Katantanwa da kanta? Yau za a yi ruwan kifi. Wa ya mutu?"

Na ce, "Degil nake so."

"Me? Ban ji ba."

Na ɗaga masa igiyar. Na ce itacen ya yi fure. Ya daɗe yana kallon igiyar, yana susar ƙeya. Sai ya ce, "Ni fa ba ni kaɗai na ɓare shi ba. Kowa ya sa wuƙa." Na zuba masa ido. Ya ce, "To, daina kallona haka, ke da uban naki ido ɗaya gare ku. Mu je."

Ba mu kai bakin kogi ba sai da rabin gari ya biyo mu, Mak Cik Jarah a gaba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Degil ya kama wata kurangar daji da ke jikin itacen kusa, ya hau, ya tsallaka. Igiyar ta yi ta tafiya har ta kusa ƙarewa a hannun Pak Su. Da ya kai sama sai ya zauna ya juya mana baya, yana tsinkar furen yana ci. Pak Su ya daka masa tsawa, "Murɗa! Murɗa, ɗan banza!" Ya fizgi igiya. Degil ya waiwayo ya yaƙe masa haƙora. Mutane suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Derahman, ka ba shi kwalba ɗaya ta maganinka, zai sauko da gudu!"

Murɗa kalmar kwakwa ce, a can kuwa babu kwakwar da zai murɗa. Ni na san kalmomin reshe, don ni nake riƙe wa Abah jaka in ya je daji. Na matsa kusa da Pak Su na faɗa masa a hankali: can gaba, karya, sako. Ya yi ihu da su. Degil ko kunne bai kaɗa ba. Na ce, "Ba haka Abah ke yi ba. Yana jan ta ne, kamar kiran mai kwalekwale daga ƙetare."

Pak Su ya share gumi ya miƙo mini igiyar. "To ke yi mana."

Na ga furen yana zubowa daga bakin birin. Na ga idon kowa a kaina. Na buɗe baki, abin da ya fito kamar kukan ɗan tsako. Yara suka kwashe da dariya. Mak Cik Jarah ta ce, "Kai, ku yi mata shiru, marasa kunya!" Wallahi ita ce ta faɗa.

Na rufe ido. Na tuna ke a ɗakin nan mai sanyi kina kallon kwalba. Na tuna yadda Abah ke ja da baya ya cika ƙirji. Na ce, "Degiiiil! Can gabaaaa!"

Ban san muryar daga ina ta fito ba. Tsuntsaye suka tashi. Igiyar ta motsa a hannuna. Na buɗe ido, ga shi yana rarrafe zuwa ƙarshen reshe, yana leƙo ƙasa yana neman Abah. Na ce, "Karyaaa!" Muka ji ƙas. Na ce, "Sakooo!" Reshen ya yi ta juyi a iska har ya faɗo a gaban Tok Empat, da ganyensa da furensa. Na sa shi ya karyo wasu har jakata ta cika. Babu wanda ya ƙara dariya. Pak Su ya ce, "Ashe da damisa muke kwana a gida ɗaya."

Da muka dawo, Mak ta tarye ni a matakala tana kuka. Ta ce sun ji ni tun daga baranda, muryata ta haye kogi. Ta ce Abah ya riƙa buga dandamali da hannun hagu har kofin shayinsa ya kife.

Mun danne rassan cikin jarida. Ni na jera, Abah ya duba, in na lanƙwasa ganye ba daidai ba sai ya bugi hannuna. Shi ya ja ɗamarar allunan da haƙora da hannu ɗaya. Wasu furen na sa a kwalba da ruwan sifirit ɗin da ake kunna fitila da shi, yadda yake yi. Rassan kuwa mun busar da su a kan murhu. Pak Su da kansa ya kai gidan waya a babur. Ya ce ko sisi kada Mak ta ba shi.

Muryata ta dishe har yau. Kak Long, kin ce zai mutu. To me ya sa ya yi fure? Ko ya warke ne?

Ati

*

Reims, Yuni

Ati,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ki gaishe da Abah da Mak. Ki gaishe da Pak Su ma, ki ce na ji.

Saƙon Dakta Yeoh ya iso. Ta buɗe furen a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, ta gane shi. An taɓa rubuta itacen sau ɗaya tun zamanin Turawa, a wani dajin da yanzu ya zama gonar kwakwar manja. Yana da suna, Ati. Madam Vauthier ta rungume ni a gaban kowa. Zan kare aikina a gaban malamai a Agusta, in Allah ya so, sannan in taho gida. Ta ce in tambayi wanda ya danne rassan a ina ya yi karatu.

Amma bai warke ba. Itace in ya ji mutuwa ta kama shi, yakan tattara duk ƙarfin da ya rage masa ya zuba a fure. Abincin da ya kasa sauka saiwa shi ya taru a sama. Da ba a zagaye shi ba, mai yiwuwa da har yanzu muna jira. Wuƙar da ta kashe shi ita ta ba ni sunansa, kuma ban san yadda ake murna da irin wannan ba. Abin da ke cikin kwalbata shi ke nan. Ba zai isa a gano ko za a iya raba maganin da gubar ba, kuma babu inda za a ƙaro.

Ba ke kika kore ni ba. Ba ki taɓa korata ba. Ki zo bakin kogi ranar da zan iso.

Kak Long

*

Lubuk Terap, Yuli

Kak Long,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Mak ta fara tara kwakwa da busasshen kifi tun yanzu, wai kin rame, ko da yake ba ta gan ki ba. Abah yana takawa daga ɗaki zuwa baranda da sanda. Magana ba ta dawo ba. Ma'aikaciyar asibiti ta ce kada mu sa rai.

Na karanta musu wasiƙarki, tunda wannan karon ba ki hana ba. Amma sai da na duba gaba da baya tukuna. Sunan itacen da kika rubuta a ƙasa ya ƙi faɗuwa a bakina. Pak Su ya gwada, ya ce kamar mutum ya shaƙe da ƙayar kifi. Mu dai itacen Abah muke ce masa.

Ganyen ya fara zuba. Gefen da ke kallon kogi ya bushe gaba ɗaya, ana hango shi daga baranda. Abah yakan zauna yana kallonsa har rana ta yi zafi. Ba na son in gan shi a lokacin, sai in tafi wankin kwano.

Degil ya dawo gidanmu. Pak Su ya ce birin ya lalace, ba ya jin kowa sai ni. Ranar da ya kawo shi, Abah ya sa aka sauko masa da igiyar daga ƙusa. Ya ɗora ta a cinyarsa ya daɗe yana shafawa, sannan ya miƙo mini. Yanzu in ana son kwakwa ni ake kira. Har yanzu ba na iya kallon mutane a ido, amma biri a sama yake.

Zan zo bakin kogi. Ba sai kin neme ni ba, za ki ji ni tun daga ƙetare.

Yanzu ki duba ko akwai wani kusa da ke, sannan ki juya.

(A bayan takardar)

Bayan furen ya yi 'ya'ya. Ƙanana ne, baƙaƙe in sun nuna. Degil ya cinye da yawa kafin in hana shi, saura na kawo gida cikin zanena. Na shuka su a gwangwanayen madara a ƙarƙashin gida, bayan kejin kaji, na rufe da tsohuwar koma. Yawancinsu sun ruɓe. Wasu kuma sun fito, ganyensu bibbiyu, kuma na ɗan taɓa ɗaya a harshe, yana da ɗacin nan.

Abah kaɗai ya sani, shi kuma kin san ba zai faɗa ba. Mak Cik Jarah ta leƙa jiya ta ce mene ne wannan, na dube ta na ce barkono ne.

Ban sani ba ko za su rayu. Ki zo ki gaya mini inda za mu kai su.

Ƙanwarki,
Suriati